Tambaya da Amsa: Kyanwa a akwati, farantin sola, da na'urar gwajin "kwantam"

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantam saƙonni suke ta shigowa a kan wannan maganar, wasu ɗalibai ne, wasu masu sana'a, wasu kuma bidiyo suka gani a TikTok ya ɗaure musu kai. Na tattaro waɗanda suka fi maimaituwa, bismillah.

TAMBAYA: Slm Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce ina aji shida a sakandare a Zariya. Malamin fiziks ɗinmu ya taɓo mana kwantam sau ɗaya kawai ya wuce, wai sai mun shiga jami'a. Dan Allah wai mene ne shi, kuma wa ya ƙirƙiro shi?

AMSA: Wa alaikis salam 'yata. Malamin naku bai yi laifi ba, manhajar ce ba ta ba shi lokaci ba. Amma asalin maganar ba ta fi ƙarfinki ba. In kin taɓa wucewa ta maƙera kin ga ƙarfe a wuta, da farko ja yake yi, in aka ci gaba da zuga ya koma ruwan ɗorawa, in wutar ta kai maƙura ya yi fari. To wannan hasken da abu mai zafi ke fitarwa shi masana a Jamus suka duƙufa suna aunawa a ƙarshen ƙarni na 19, kuma duk lissafin da suke da shi a lokacin ya ƙi dacewa da abin da na'urarsu ke nunawa. Sai a watan Disamba na 1900 wani farfesa a Balin mai suna Max Planck ya ce lissafin zai fita daidai in aka ɗauka cewa makamashi ba kwarara yake yi yadda aka ga dama ba, ƙulli-ƙulli yake fita, wannan ƙullin shi ake kira kwantam. Kamar dai mai tebur da ke sayar da sukari a ƙulle, ki sayi ƙulli ɗaya ko biyu ko goma, amma ba zai buɗe leda ya ba ki rabi ba. Girman ƙullin kuma ya danganta da yawan kaɗawar hasken, na shuɗin haske ya fi na jan haske girma. Abin da ya sa ba ma lura da wannan a rayuwar yau da kullum shi ne ƙullin ƙarami ne ƙwarai da gaske, lambar da ke ƙayyade girmansa, wadda ake kira lambar Planck, in za ki rubuta ta a ma'aunin da kuke amfani da shi a aji sai kin sa ɗigo kin jera sifili 33 sannan ki rubuta 66.

Shi kansa Planck ɗin bai yarda da abin har zuciyarsa ba fa, dabarar lissafi kawai ya ɗauke shi. Wanda ya ɗauki maganar da gaske shi ne Albert Einstein a 1905, yana ɗan shekara 26 yana aikin ofis a Ban ta ƙasar Suwizalan, ya ce shi kansa hasken a ƙulle yake tafiya, waɗannan ƙullin su ake kira foton yanzu. Mutane da yawa ba su san cewa lambar yabo ta Nobel ta 1921 da aka ba shi a kan wannan aikin ne ba. A 1913 Niels Bohr ɗan ƙasar Denmak ya kai maganar cikin ƙwayar zarra, ya ce ilektiron ɗin da ke kewaye da tsakiyarta wasu matakai ƙayyadaddu kawai zai iya zama a kai, in ya faɗo daga na sama zuwa na ƙasa sai ya saki foton guda. Cikakken lissafin kuwa sai 1925 daga Werner Heisenberg da 1926 daga Erwin Schrödinger, shi ya sa aka ƙirga shekara ɗari a 2025. Don haka ba mutum ɗaya ba ne, kuma ba ƙirƙira suka yi ba, awo ne ya tilasta musu.

TAMBAYA: Malam gaskiya ni abin da ya hana ni barci shi ne maganar kyanwar nan. Wai an sa kyanwa a akwati tana raye kuma tana mace lokaci guda har sai an buɗe? Ta yaya mai hankali zai yarda da wannan? Daga wani ɗalibin kwalejin ilimi a Katsina.

AMSA: Ƙanena kwantar da hankalinka, ba wanda ya taɓa sa kyanwa a akwati. Schrödinger ne ya kawo misalin a 1935 kuma da gangan ya kawo shi don ya nuna akwai abin da bai zauna daidai ba a yadda ake fassara lissafin, wato ra'ayinka da nasa ba su da nisa. Amma kafin kyanwa bari mu fara da gwajin da aka yi a zahiri, don shi ne zuciyar abin gaba ɗaya, wanda ya gane shi ya gane rabin kwantam.

A samu katanga mai tsaga biyu sirara kusa da juna, a bayanta a sa allo. In ka haska haske ta tsagogin ba layi biyu za ka gani a allon ba, ratsi-ratsi za ka gani da yawa, haske, duhu, haske, duhu. Thomas Young a Ingila ya nuna wannan tun farkon shekarun 1800, kuma bayaninsa mai sauƙi ne, haske igiya ne irin ta ruwa, igiyar da ta fito ta tsagar dama da wadda ta fito ta hagu suna haɗuwa, inda tudu ya haɗu da tudu su ƙaru, inda tudu ya haɗu da kwari su kashe juna a samu duhu. Har nan ba matsala. Matsalar ta fara ne da aka ce to a gwada da ilektiron, wanda kowa ya ɗauka ƙwaya ce ƙarama. A 1924 wani Bafaranshe Louis de Broglie ya ce ilektiron ma yana da halin igiya, a 1927 aka tabbatar a Amurka. Sannan a 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi a Japan suka yi irin wannan gwajin suna sakin ilektiron ɗaya bayan ɗaya, yadda ba biyu a cikin na'urar lokaci guda. Kowanne ya iso allon sai ya bar ɗigo ɗaya a wuri ɗaya, da farko ɗige-ɗigen a warwatse kamar ba tsari, amma da suka taru dubbai sai ga ratsi-ratsin nan sun fito. To tambayar ita ce, ilektiron ɗin da ya tafi shi kaɗai da wa ya haɗu? Lissafin ya ce igiyarsa ce ta bi ta tsagogin biyu duka ta haɗu da kanta. Kuma in ka sa wata na'ura a bakin tsagar don ka kama ta wacce ya bi, za ka kama shi a guda ɗaya tabbas, amma ratsi-ratsin sai su ɓace.

Max Born ne a 1926 ya faɗi abin da igiyar take nufi, ya ce ita ke nuna yiwuwar samun ilektiron ɗin a kowane wuri, inda ta yi ƙarfi can aka fi samunsa. Wato ba wanda zai iya gaya maka inda ilektiron na gaba zai faɗa, amma za a iya gaya maka daidai-wa-daida siffar da miliyan ɗaya za su bari. Kafin awo kuma halin da yake ciki haɗin yiwuwar biyu ne, kuma ba wai mu ne ba mu sani ba kawai, da rashin sani ne kawai da ratsi-ratsin ba su fito ba.

Yanzu kyanwa. Schrödinger ya ce a ɗauka an rufe ta da ɗan sinadari mai fitar da tururin nukiliya, wanda cikin awa ɗaya ko ƙwayarsa guda ta fashe ko kar ta fashe, rabi da rabi, in ta fashe na'ura ta saki guduma ta fasa kwalbar guba. In ƙwayar tana cikin hali biyu, ashe kyanwar ma haka? Amsar da yawancin masana ke bayarwa yau ita ce wannan zama cikin hali biyu abu ne mai saurin lalacewa, da zarar abin ya yi mu'amala da iska ko haske ko zafi ya bar alama, shi kenan ya rushe. Kyanwa kuwa tana numfashi, jikinta na fitar da zafi, ƙwayoyin iska bila adadin suna dukanta kowane lokaci, ba ta ko kusa da wannan halin. Kuma ka lura da wannan da kyau don a nan masu bidiyo suke ɓatar da mutane, in aka ce "an duba" ba ana nufin idon ɗan Adam ko tunaninsa ba, na'ura ma ta isa ko da ba kowa a ɗakin. Ana dai ta matsa iyakar, a Biyana ta Ostiriya a 1999 an ga ratsi-ratsin nan da dunƙulen da ke da ƙwayar zarra 60, a 2019 aka kai kusan 2,000, amma sai an zuƙe iskar na'urar tas. Abin da har yau masana ke jayayya a kai shi ne me ke faruwa takamaimai a lokacin awon har sakamako ɗaya ya fito. Lissafin kam ba a jayayya a kansa.

TAMBAYA: Ƙa'idar rashin tabbas ta Heisenberg, ba dai na'urorinsu ne ba su da kyau ba? In an samu na zamani ai za a auna komai. Daga wata malamar lissafi a Yamai.

AMSA: Malama ina gaisuwa. A'a, ba laifin na'ura ba ne. Abin da Heisenberg ya fitar a 1927 shi ne, wurin da ƙwaya take da kuma ƙarfin tafiyarta ba za su taɓa zama ƙayyadaddu su biyun lokaci guda ba, in kika ninka rashin tabbas na wannan da na wancan akwai adadin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, kuma adadin daga lambar Planck ya fito. Tunda ke mai lissafi ce za ki gane da sauri, halin igiya ne, igiyar da aka matse a wuri ɗaya dole ta zama haɗin tsayin igiyoyi daban-daban. Kuma wannan ƙa'idar ce ta hana ƙwayar zarra rushewa, don in aka ce ilektiron ya faɗa tsakiya ya zauna cak an ƙayyade wurinsa sosai ke nan, sai ƙarfin tafiyarsa ya hauhawa ya kasa zama. Shi ya sa ƙwayar zarra take da girman da take da shi, sai an jera miliyoyinsu kafin su kai milimita ɗaya.

TAMBAYA: Malam ni mai gyaran waya ne da haɗa sola a Maraɗi. Duk wannan surutun na Turawa wane amfani ya yi wa talaka? Ka yi haƙuri da tambayar.

AMSA: Haba maigida, ai kai ne ka fi kowa taɓa kwantam da hannunka a cikin masu tambayar nan, daga safe har dare. Farantin solar da kake ɗorawa a rufin mutane da ƙullin hasken nan yake aiki. Kowane foton in ya faɗa kan silikon, wato sinadarin da ake yin farantin da shi, in ƙarfinsa ya kai wani mataki sai ya tayar da ilektiron guda ya shiga waya ya zama wuta, in bai kai ba ko da sun zo da yawa ba abin da za su tayar, wanda kuma ƙarfinsa ya wuce matakin to rarar zafi take zama. Wannan ne dalilin da ya sa faranti irin na silikon mai hawa ɗaya ba zai iya juya fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken rana zuwa wuta ba, an lissafa wannan tun 1961, na kasuwa kuwa yawanci kashi 20 da 'yan kai ne. Kuma na san ka lura cewa a tsakiyar zafin bazara farantin ba ya ba da yadda kwastoma ke tsammani, to haske yake ci ba zafi ba, zafin ma rage masa ƙarfi yake yi, shi ya sa barin sarari a ƙarƙashinsa iska ta riƙa wucewa ba ƙawa ba ce.

Wayar da kake buɗewa kuma cike take da taransista, wato 'yan ƙananan makunnai masu kunna wuta da kashe ta, biliyoyi a cikin ɗan guntun abin da bai kai farce ba. An ƙera ta farko a 1947 a Amurka, kuma ba yadda za a yi a ƙera ta ba tare da an fahimci matakan da ilektiron ke zama a cikin silikon da danginsa ba. Memori kad da ma'ajiyar waya sun ma fi ban mamaki. Tunda ilektiron igiya ne, in katangar da ta tare shi siririya ce sosai akwai yiwuwar a same shi a ɗaya gefen ko da ƙarfinsa bai kai ya tsallake ba, kurɗawa yake yi. Da wannan kurɗawar ake tura ilektiron cikin ɗan ɗakin da ke riƙe hotunan kwastomanka, kuma kowace kurɗawa tana ɗan cin katangar, shi ya sa memori ke gajiya in an daɗe ana gogewa ana rubutawa. Ita kanta rana da ke sama da wannan kurɗawar take ci, zafin tsakiyarta wajen digiri miliyan 15 ne amma duk da haka bai isa ya haɗa ƙwayoyin haidirojin ba in ba don suna kurɗawa ba. Ƙara da ƙwan fitila mai cin wuta kaɗan, da hasken leza, da agogon da ke cikin taurarin ɗan Adam masu nuna maka hanya a taswirar waya. Ina ga ya isa haka.

TAMBAYA: Na ji ana cewa ƙwayoyi biyu in sun sarƙe, ka taɓa ɗaya a Kano ɗayar ta ji a Makka nan take. Wani abokina ya ce wannan shi ne bayanin yadda ake jifa da asiri daga nesa. Gaskiya ne? Daga Kumasi.

AMSA: Rabin farko akwai ƙamshin gaskiya, rabin na biyu abokinka ne ya ƙara gishiri. Ana iya samar da foton biyu tare yadda lissafi ɗaya ne ke bayaninsu, ba kowa da nasa ba. A raba su nesa, a auna wannan a auna wancan, sakamakon kowanne in ka dube shi shi kaɗai ba tsari, amma in aka haɗa takardun biyu sai a ga sun dace da juna. Einstein bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan, a 1935 shi da abokan aikinsa Podolsky da Rosen suka rubuta cewa lallai ƙwayoyin tun rabuwarsu kowacce ta tafi da amsarta a ɓoye, kwantam ɗin ne bai cika ba. Magana ta zauna haka kusan shekara talatin har 1964 da John Bell, ɗan Ayalan ta Arewa, ya nuna cewa in da amsar a ɓoye take tun farko akwai iyakar da dacewar ba za ta wuce ba, kwantam kuma ya ce za ta wuce. Ka ga jayayya ta koma abin da za a iya aunawa ke nan. John Clauser ya gwada a 1972 a Amurka, Alain Aspect a 1982 a Faransa, an wuce iyakar, kwantam ya yi gaskiya. Su biyun da Anton Zeilinger suka raba Nobel ta 2022. A 2017 ma ƙasar Sin ta yi amfani da tauraron ɗan Adam ta raba irin waɗannan foton tsakanin tashoshi biyu masu nisan kilomita 1,200.

Amma ga inda maganar abokinka ta faɗi. Mai awo ba shi da ikon zaɓen abin da zai fito masa, don haka ba zai iya tura komai ba, ko saƙo ko ciwo ko harafi ɗaya. Na can gefen ba zai ma san an yi awo a nan ba sai an kira shi a waya an gaya masa, kuma wayar ba ta wuce saurin haske. Sannan sarƙewar da an auna ta ƙare, ƙura ko ɗan zafi ma ya isa ya lalata ta. Batun asiri da jifa ba fagena ba ne, akwai malaman addini, amma kar a jingina shi da fiziks, fiziks bai ce haka ba.

TAMBAYA: Malam an kawo wata na'ura unguwarmu wai ita kwantam, ka riƙe wani ƙarfe a hannu minti ɗaya kwamfuta ta fitar maka da duk cutar da ke jikinka, hanta, ƙoda, suga, har da ƙarancin jini. Mahaifiyata an ce mata tana da ciwon ƙoda an rubuta mata magani mai tsada a wurin. Mu saya? Daga wata uwar gida a Gusau.

AMSA: Hajiya kar ku saya, kuma kar Mama ta tayar da hankalinta a kan wannan takardar. Ba wata hanya a fiziks da riƙe ƙarfe a tafin hannu zai gaya wa kwamfuta halin da ƙoda ke ciki, sunan kawai aka ara don yana da kwarjini kuma an san ba mai tambaya. Ki lura ma kafin a fara sai an shigar da shekaru da jinsi da nauyi, kuma wanda ya yi gwajin shi ne mai sayar da maganin, wannan kaɗai ya isa a yi tunani. Haka sarƙar wuya da abin hannu da kwalbar ruwa da ake liƙa wa wannan sunan.

Akwai na'urar asibiti da ke aiki da kwantam na gaskiya, ita ce MRI, wadda ake shigar da mutum cikin ƙaton maganaɗisu a aika masa igiyar rediyo, ƙwayoyin haidirojin da ke ruwan jikinsa su amsa, daga amsar a haɗa hoto. Nauyinta tan-tan ne, ɗaki guda take ci, sai an cire duk wani ƙarfe kafin a shiga, kuma duk da haka ba ta auna suga. Ƙoda da jini da fitsari ake duba ta. Ku kai Mama asibiti ku gaya wa likita abin da aka ce, a auna hawan jininta da suga, a ɗebi jini da fitsari a kai ɗakin gwaji, in likita ya ga da buƙata ya ƙara da hoton ciki. In kuma akwai maganin hawan jini ko na suga da take sha tun da, ta ci gaba da shan abinta kar ta ajiye saboda waccan takardar. Allah Ya ba ta lafiya.